A Gidanmu Babu Cuta

Tudun Ƙofa, Keffi
Watan Sha'aban

Zuwa ga Zubaidatu jikar Uwais, a Legas.

Assalamu alaikum. Rabon da takarda ta fito daga gidanku ta shigo zauren nan tun shekarar da aka yanke mu daga Filato aka ba mu jiharmu, lokacin da marigayi ubanki ya aiko cewa an haifa masa 'ya mace. Ke ce 'yar. Daga nan shiru, sai yanzu da ƙafa ta kumbura aka tuna akwai wani tsoho a Keffi. To, madalla. Ina nan lafiya, ban da gwiwa, ita ma ba ciwo take ba, gardama ce. Mutanen gida ƙalau. Zafi ya sauko, mangwaro ya fara nuna. Ki gaida mahaifiyarki.

Taiwo direba ne ya kawo takardarki. Filomina mai ɗinki, wadda ke haya a ɗakin ƙofar gida, ita ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Ta ce wai in bari ta ɗauki hoton takardar ta tura miki ta waya. Na ce a'a. Maganar gida ba ta bin iska. Ke ce mai bin iska.

Na ji irin aikin naki. Da aka ce jikar Uwais tana aikin jirgin sama, na ɗauka tuƙi kike yi, har na faɗa a majalisa. Ashe baro kike turawa tsakanin kujeru, kina tambayar ƙattai ko kaza za su ci ko kifi. Haba amarya! In rabon shinkafa ne, ga tashar Keffi nan, mata na yi tun safe har magariba, ƙafarsu a kan ƙasar Allah, su koma gida su yi barci har da minshari. Ke kuwa kin ce ba kya barci, idonki ya bushe, kunnenki na toshewa, wani lokaci ki farka a ɗakin otel ki rasa ko asuba za ki yi ko azahar. To da me kike tsammani? Mutumin da ya karya kumallo a wata ƙasa, ya ci na rana a wata, ya bi rana da gudu ya hana ta faɗuwa, ai dole jikinsa ya rikice masa. Ba sai na je makaranta zan san wannan ba.

Yanzu ga tambayar taki. Kin ce kin sauko daga wata doguwar tafiya sharaɓarki ta hagu ta kumbura, likita ya haska ya ce jini ne ya daskare a cikin jijiya, ya ɗora ki a kan maganin tsinka jini, kamfani kuma ya zaunar da ke a gida. Kin ce likitan yana son ya san ko a danginku na wajen uba akwai mai irin wannan cuta. Ubanki ya rasu, mahaifiyarki ba 'yar gidan ba ce, saura ni. Wannan wane irin likita ne? Ga ƙafa a gabansa, ga na'ura a gefensa, sai ya aiko a tambayi tsohon da bai san ko bihim ba?

To, ki gaya masa: babu. Ni da kakanki Uwais 'ya'yan wa da ƙani ne, wanzami ɗaya ya yi mana shayi a rana ɗaya, kuma duk wanda aka haifa ko aka binne a zuriyar nan tun Turawa na gari, yana cikin kaina. A gidanmu babu cuta. Babu kuturta, babu farfaɗiya, babu taɓin hankali, babu suga. Shi ya sa ake rububin auren 'ya'yanmu. Namu in ya tafi, ko dai kwanansa ne ya ƙare, ko kuwa hannun maƙiyi ne. Naki jinin, sanyin jirgi ne ya kama shi kamar man shanu a firiji. Ki zauna a ƙasa ya narke.

Kakanki,
Ishaku

*

Ikeja, Legas
Cikin azumi

Zuwa ga Kaka Ishaku, angona na Tudun Ƙofa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ana shan ruwa lafiya. Yaya gwiwa mai gardama? Ko daga wa ta koya? Umma tana gaishe ka, ta ce duk jikinka ya tsufa ban da bakin. A gaida mini Anti Filomina, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Ni da sauƙi sosai, kumburin ya saɓe, ina shan magani, ina sa wata doguwar safa mai matse ƙafa wadda in ka gani sai ka fasa auren.

Baron nan da kake rainawa, Kaka, ya fi buhun masara nauyi, kuma hawa ake tura shi, don jirgi da hancinsa a ɗage yake tafiya. Kuma ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne in hayaƙi ya tashi, ko wani ya shiɗe, ni ce zan tsaya kowa na ihu. Bara wani dattijo sa'anka ya sanƙare a kujera, ni na kwantar da shi a ƙasa na yi ta danna masa ƙirji har ya dawo. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ina hularsa. Na ce lallai wannan ɗan uwan Kaka ne.

Amma ba zan yi maka musu a kan wahalar ba. Mu ma mun sani. A ɗakin da muke canza kaya ba mu da hira sai ta magani: wa ke da na barci, wa ke da na hana barci. Ƙawata Ugomma ta tashi da mura a jikinta don kada a ce ta cika ƙorafi, wajen saukowa dodon kunnenta ya fashe, yanzu sai ta juyo maka da ɗaya kunnen. Wata kuma, Tolulope, jijiyoyin ƙafarta sun fito raɗa-raɗa saboda tsayuwa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kana rarraba wa mutane ruwa kai ka manta ba ka sha ba. Ni ranar da abin ya same ni ma ba aiki nake ba. Na gama nawa ne aka dawo da ni a kujerar fasinja, na jingina da taga na yi barci tun daga can har Legas, ban motsa ba.

Ga abin da ya sa na dame ka. Likita ya ce in babu kowa a dangi, to wahalar tafiya ce kawai, in ƙarasa magani bayan Sallah in koma bakin aiki. In kuwa akwai, magana ta canza. Za a yi wani gwajin jini na daban, wataƙila in yi ta shan maganin nan har tsufana, kuma kamfani ba zai sake sa ni doguwar tafiya ba, domin gudan jinin yakan ɓalle daga ƙafa ya tafi ƙirji. Kaka, sunana ya fito cikin masu jigilar alhazai bana. Tun da na fara aikin nan nake jiran wannan. Da na karanta "babu" ɗinka sai da na taka rawa da ƙafa ɗaya.

Sai dai, ka tabbata? Shekaru sun ja, mutum kan manta. Ka ɗan sake dubawa a cikin kan naka. In ban ji komai daga gare ka ba kafin Sallah, zan kai wa likita amsarka yadda take.

Amaryarka mai baro,
Zubaidatu

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Zubaidatu.

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya, muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Gaisuwa ta ƙare.

Takardarki ta zo tun tsakiyar azumi. Da gangan na ƙi amsawa, don abin da ke bakina zai iya karya mini azumi. "Mutum kan manta." Na sa Filomina ta maimaita mini wurin, ko idonta ne ya ƙara. Ta ce haka kika rubuta. Ni? Ni da ake tasowa daga Nasarawa a zo a tambaye ni wa ya haifi wa kafin a ɗaura aure? Ke da ba ki san ko yau Talata ce ko Laraba ba sai kin duba waya, ke ce za ki auna kaina? To buɗe kunnen nan naki mai toshewa, ki ji ko na manta.

Saratu yayar kakanki ta mutu da haƙoranta cif a bakinta, tana tsinken zogale, tsufa ne. Ubanki mota ce ta ci shi a hanyar Akwanga, wannan kin sani. Waɗannan kwana ne ya ƙare. Saura na hannun maƙiyi, su uku.

Kakanki Uwais, shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama. Fataucin goro yake yi daga Shagamu. Kafin tafiyar sun yi rigima da abokin cinikinsa, Tanimu na Gangaren Tudu, a kan rumfar kasuwa. A gaban mutane Tanimu ya ce masa, "Ƙafar da ta kai ka Kurmi ba za ta dawo da kai gida ba." Ina wurin, da kunnena na ji. Uwais ya taho a bayan gingimari, a matse tsakanin kaya, kwana da kwanaki babu wurin miƙe ƙafa. Ni na tarye shi a tasha. Ƙafar dama ta zama kamar turmi, fata na sheƙi, in ka taɓa zafi rau. Ya ce mini, "Isiyaku, ƙafar nan ba tawa ba ce." Na ɗauki jakarsa muka kamo hanya. Daidai bakin masallacin unguwa ya dafe ƙirji, ya ce iska ta ƙare masa, ya zauna a dakali. Shi ke nan. Ƙato mai jini a jika, bai taɓa ko zazzaɓi ba. Bai shiga gida ba, kamar yadda aka faɗa masa.

Gwaggonki Huraira, 'yar Uwais, shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta tare a Abuja. Haihuwar fari, tana jego a ɗakin uwarta. Surukar Tanimu ta zo barka, ba wanda ya aika mata, ta zauna a bakin gado har da taɓa zanen rufa. Bayan suna ƙafa ta hau. Wata safiya ana yi mata wanka ta ce ƙirjinta, ta yi tari, aka ga jini. Kafin a samo mota an rufe mata ido.

Ta uku Jannatu ce, tawa, ta cikina. Shekarar da rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi har yara suka yi ta kuka. Ta taho daga Fatakwal wurin mijinta a doguwar bas. Duk faɗin Keffi direban bai ga inda zai sauke ta ba sai Gangaren Tudu, a ƙofar gidan mutanen nan. Ta taka ƙasarsu. Ta iso tana ɗingishi tana dariya, tana cewa, "Baba, zama ne kawai." Washegari ta sunkuya za ta ɗauki buta.

Filomina ta ajiye biro tana kallona. Wai don Allah in bar ta ta tura wannan ta waya yau ɗin nan. Na ce aikinta ɗinki da rubutu, ba shawara ba.

To gaya mini, 'yar boko: wannan cuta ce? Cuta tana zuwa kasuwa ta yi rigimar rumfa? Cuta ta san ƙofar gidan Tanimu? Jifa ne, kowa a Tudun Ƙofa ya sani. Shi ya sa tun daga ranar Uwais ban sake amsa sallamar ɗan gidan nan ba, ko gawarsu aka fito da ita sai in juya tabarmata. Ga mantuwar da na yi. Amsata tana nan inda take: babu. Ki kai wa likitanki, ki ce in ji wanda ya manta.

Ishaku

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Gab da Babbar Sallah

Zuwa ga Zubaidatu jikar Uwais.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, doya ta kama sanda, rufin zaure yana yoyo a inda ya saba. Na ɗaure ragon layya, ƙarami ne amma ya fi wasu mutane kunya.

Shiru kike ji. Taiwo ya rantse ya ba mai gadin gidanku takardata hannu da hannu, mai gadin ya ce kin yi tafiya. Daga nan ko tari. In fushi kike don na wanke ki, ki yi ta yi, ban ga abin da zai rage ni ba. Haka 'ya'yan yanzu kuke: ku tsokano magana, in ta fito ku ruga.

Labarinki ma a bakin mutane na ji. Matar limaminmu tana cikin maniyyatan bana. Ta bugo wa mijinta daga Madina tana ta murna, wai a jirginsu akwai wata doguwar yarinya mai fara'a, ta ɗaura mata ɗamarar kujera, ta ce ita ma asalinta 'yar Tudun Ƙofa ce. Liman ya tare ni a gaban jama'a yana yi mini barka. Na ce na gode, ai sana'ar gado ce, tun kakanninmu muke ɗaure wa mata ciki a sama.

Ashe dai kin koma. Ba sallama, ba neman albarka. To ai ga shi, na ce sanyi ne, ya narke, likitanki ya huta da aike.

Jiragen naku ta kanmu wasu suke bi in za su sauka. Da can ban damu da su ba. Yanzu sun hana ni jin rediyo da rana.

Ƙafar fa?

Kakanki,
Ishaku

*

Abuja
Bayan layya

Zuwa ga Kaka.

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata gwiwa ta bar ka ka je Idi. Wannan takardar direban tasi na ba, ya ce ya san shagon Anti Filomina, don haka yau za ta same ka.

Ba fushi nake ba. Ina Abuja tun kafin a fara jigila, nan aka kawo mu, kusa da kai. Takardarka kuwa ta wuce ni ta tafi Legas ta kwanta a ɗakin mai gadi. Jiya Tolulope ta zo mini da ita, tare da ta bayanta. Da Ƙaramar Sallah ta wuce ban ji daga gare ka ba, na kai wa likita "babu". Ya tsayar da magani, ya sa hannu, na koma. Duk zuwan da aka yi da maniyyata da ni aka yi.

Na karanta a zaune a bakin gado, na sake karantawa a tsaye. Kaka, ban ce ka manta ba, kuma ban taɓa ganin kai irin naka ba. Amma abin da ka ba ni labari, shi ne abin da likita ya tambaya. Shi ne, ba wani ba. Doguwar tafiya a zaune, ko kwanciyar jego, ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, sai ƙirji, sai numfashi. Kusan da kalmominka ya yi mini bayani ranar da ya haska ƙafata. Kakana, da gwaggona, da Gwaggo Jannatu, Allah ya jiƙansu. Ba Tanimu ba ne, Kaka. Ya dai yi mugun baki, amma abin a jikinmu yake. Ni ban taɓa taka Gangaren Tudu ba, ban san ko ta ina ake shiga ba.

Yanzu ga roƙona, kuma don Allah kada Anti Filomina ta gaya wa Umma. Ranar Asabar za a fara dawo da alhazai, jirgina na cikin na farko. In na je wa likitan kamfani da wannan labari yanzu, a ranar za su cire ni, kuma za su ce da can na sani na ɓoye. Ba doguwar tafiya kaɗai zan rasa ba, aikin ne gaba ɗaya. Ka bar ni in gama jigilar nan, 'yan makonni ne. In an gama zan je da ƙafata in ce a yi mini gwajin, kamar yanzu na ji. Zan sa safa, zan sha ruwa, ba zan zauna ba ko a hanyar zuwa da jirgi ke tafiya ba kowa.

Ka tambayi ƙafa. Lafiya lau. Tun shekaranjiya dai sharaɓar tana ɗan ɗumi, takalmin aiki kuma ya ɗan matse ni, amma kowa a cikinmu haka yake bayan jigila. Gajiya ce.

Ka rufa mini asiri, angona. Ba abu mai wuya na roƙa ba. Kai ma ai "babu" ka ce.

Taka,
Zubaidatu

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Zubaidatu.

Wa alaikumus salam. Na je Idi da ƙafata, na dawo da ƙafata. Kowa lafiya.

Sannu, alƙaliya. Yarinyar da aka yanke wa cibi jiya ta zauna a bakin gadon otel ta wanke Tanimu tas. Mutumin da na ji da kunnena, na ga aikinsa da idona, ke kin sallame shi da biro. Wai ba ki taɓa taka Gangaren Tudu ba. Jifa yana neman kuɗin mota ne? Wanda ya sami Uwais a kan gingimari a dajin Kurmi, jirginki ne zai gagare shi? Jifa ne. Da shi na tashi, da shi za a binne ni, kuma ba 'yar tallan kaza da kifi ce za ta canza mini ba.

Kin ce ni ma "babu" na ce. Na faɗa, kuma ban janye ba. Cuta aka tambaye ni. Da likitan nan naki ya san aikinsa, da cewa ya yi, a gidanku akwai wanda ƙafarsa ta kumbura ya dafe ƙirji ya faɗi? Da tun Sha'aban na ba shi amsa har da sunan unguwa. Mutum ya yi shekara da shekaru a makaranta bai iya tambaya ba. Su kuma kamfanin naku, da ke sa yarinya ta tashi da mura har kunnenta ya fashe, su ne kike jin kunyar su ce kin yi ƙarya? Ranar da kika faɗi, kafin a naɗe tabarmar makoki sun ba wata baronki.

"Gajiya ce." Ke ba ki ji kanki ba? Jannatu ma "zama ne kawai" ta ce, tana dariya, ta ma fi ki iya dariyar. Na taɓa ƙafar Uwais a tasha, na san irin ɗumin da kike faɗa, ba sai kin rage masa zafi don ni ba. Su ukun nan ni na shiga rami na karɓe su, ni na juya fuskarsu gabas. Gwiwata ba za ta iya shiga rami na huɗu ba. Kin ji dalili, in dalili kike so.

Asiri kuwa ban ɗauka ba. Ba ki tambaye ni kafin ki ɗora mini ba, don haka na sauke. Uwarki ba zan gaya mata ba, ba da ita nake da magana ba. Kuma ba na zuwa wa mutum ta bayan gida, shi ya sa nake sanar da ke. Na bar Filomina ta tura wannan ta wayarta, don babu lokacin jiran direba. Tana cewa in gaya miki ki tafi asibiti yau ɗin nan, kada ki jira kowa, kada kuma ki murza wurin. Wannan maganarta ce, ba tawa ba. Amma ban hana ta rubutawa ba.

Ki yi kuka in za ki yi. Ki ce na kashe miki aiki, ki daina ce mini ango, ki yi shekara ba ki gaishe ni ba. Na iya zama da gaba, na daɗe ina yi.

Mijin Filomina, Chukwudubem makanike, ya ce motarsa za ta kai. Gobe in na sallame asuba zan sa babbar rigata, mu bi ta Mararaba kafin hanya ta cushe, ya sauke ni a filin jirgin. Zan ce a kai ni wurin likitan kamfaninku. In masu gadi suka hana, zan shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa in fara kiran sunaye da ƙarfi, Uwais, Huraira, Jannatu, da shekarar kowa da ƙafar kowa, har sai ya fito. Zan gaya masa jifa ne. Shi ya kira shi duk abin da aka koya masa, ya rubuta, ya sa hannu, ya sauke ki daga jirgin Asabar. Ba zan tashi daga gabansa ba sai ya yi.

Kakanki,
Ishaku